Kofin Famfo a Akwatin Lefe

A unguwarmu Moshi Zongo ta Tamale, in suna ya kama mutum, to ya kama shi ke nan. Ba ma mantuwa, ba ma sassautawa, sai dai mu yi ta dariya muna cewa ai wasa ne. Barikisu mai wake da shinkafa ta fi kowa sanin halinmu. Ranar da aka ɗauke ta zuwa gidan miji, motar da aka aro ta hau tudun rage gudu na titin Bolga, ta yi tari, ta mutu a nan. Hadari ya haɗo, 'yan rakiya suka rikice, sai gwaggonta Hajiya Zuwera ta tsayar da motokin, babur ɗin nan mai ƙafa uku da ake jigilar siminti da awaki da shi, aka loda amarya da lulluɓinta a baya. Yau 'ya'yanta suna makaranta, amma in ka tambayi inda ake sayar da wake mai daɗi, za a ce ka je wurin Amaryar Motokin. Tana amsawa, har da dariya. Ni dai na sha ganin yadda dariyar take ɗaukewa da zarar mai saye ya juya baya, kuma abin yana ba ni haushi.

Tun daga ranar Hajiya Zuwera ta rantse motar aro ba za ta ƙara ɗaukar 'ya daga gidan ba. Saboda haka da aka sa ranar Fadilatu, ƙanwar Barikisu, da Majeed mai gyaran waya a Zogbeli, kowa ya ce an dace, don ango yana da motar kansa. Fadilatu ma ba ta nemi wani abin a zo a gani ba. Magana ɗaya ta faɗa masa, a ƙofar gida, tana kallon cikin idonsa.

"Majeed, ni ba ruwana da zinari. Motan da zai ɗauke ni ya kai ni har ƙofan gidanka a Gumani da ƙafanshi. In aka sa min suna a zangon nan, kai da motan za ku zauna, ba ni ba."

Majeed ya daki ƙirji ya ce motarsa turbo ce. Haka yake amsa kowace tambaya game da motar nan. In ka ce tana shan mai, turbo ce. In ka ce ƙofar baya ba ta buɗuwa sai ta ciki, turbo ce. Motar dai 'yar Jamus ce, ja, mai kyan fuska. Wani Bature ya hau ta ya gaji, ya sayar wa wani Baturen, shi ma ya gaji, aka sako ta jirgin ruwa zuwa Tema. Wani ɗan Kumasi ya ƙarasa abin da ya rage, sannan ta faɗo hannun Majeed, lambobin agogon tafiyarta sun kusa tsawon lambar waya. Duk safiya sai ya wanke ta kafin ya wanke fuskarsa.

Ana saura 'yan kwanaki biki, motar ta soma wani sabon hali. In ya taka ta da ƙarfi, maimakon ta yi fito ta zabura, sai ta shaƙe, ta yi jim, kamar mai tunanin ko tafiyar ta zama dole. Majeed ya ɗan yi kwana biyu yana cewa man gidan mai ne ba shi da kyau. Da ta yi masa haka a gaban masallaci, mutane suna kallo, ya kai ta wurin Masta Sidiki.

Sidiki fita ne, wato makanike, garejinsa inuwar wata darbejiya ce a Zogbeli, daura da rumfar waken Barikisu. Ƙaton mutum ne mai kaurin yatsu, yana aiki yana tauna gyaɗa, yana yi wa mota faɗa kamar akuyar da ta shiga gonar maƙwabci. Ya buɗe gaban motar, ya sauke ƙarfin mai, ya cire wayoyi da bututu, ya kwance noti uku, ya ɗaga famfon mai daga saman injin. Sannan ya zura ɗan ƙaramin yatsansa cikin ramin, da ƙyar, ya zaro wani ɗan kofin ƙarfe da bai fi murfin kwalbar turare ba.

"Ango, zo ka gai da mai gidanka."

"Wannan ɗan abun?"

"Shi. Famfo yana sama. A ƙasa akwai sandan injin mai ƙusumbi, yana juyawa yana tura famfo. Kofin nan shi ne a tsakani, duk dukan shi ke sha. Sabo, gindinshi baƙi ne wuluk. Duba naka."

Gindin kofin ya goge fes, yana ƙyalli har Majeed ya ga hancinsa a ciki. Ya ce ai kuwa ya yi kyau. Sidiki ya dube shi irin kallon da ake yi wa marar lafiyar da bai san yana ciwo ba.

"Kyan nan shi ne ciwon. Ya cinye paa, sosai da sosai, saura ƙiris ya huje. In ya huje, famfo da sanda za su ci juna, motan ya tsaya inda ya ga dama. Sandan dai har yanzu lafiya lau, Allah ya so ka. Amma ni ba zan sa amarya a kan kofin nan ba, ko ta maƙiyina."

Aka nemi sabo a Tamale, babu. Sidiki ya buga wa wani abokinsa a Magazin, babbar kasuwar kayan mota ta Kumasi, aka tono guda ɗaya tak a ƙasan wata durowa, aka ce za a ba direban bas ya kawo. Sidiki ya mayar da tsohon kofin don Majeed ya riƙa lallaɓawa, ya gargaɗe shi kada ya kuskura ya tuna motar turbo ce.

To, a wannan bas ɗin ne kuma sauran kayan lefe suka taho, waɗanda Sala, yayar Majeed, ta yi odarsu daga Kumasi: atamfofi, takalma, jakunkuna, turaruka. Mai kula da saƙo a tasha mutumin kirki ne, irin masu kirkin da ke jawo wa mutane aiki. Ya ga saƙo biyu na gida ɗaya, ya ɗaure su wuri guda don kada a wahala. Sala ta kwance kaya a gida, ta ga ɗan farin kwali, ta buɗe, ta ga ɗan kofi baƙi mai santsi da 'yan huji a jikinsa. Ta yi murmushi, ta ce ashe ƙanen nata ya iya soyayya, har da kyautar ɓoye. Ta yar da kwalin don bai yi kyau ba, ta sa kofin a 'yar jakar siliki, ta cusa tsakanin turaruka. Da rana aka kai lefe Moshi Zongo, shi kuwa Majeed yana tasha yana rigima da mai saƙo.

Buɗe lefe a gidan su Fadilatu ba wasa ba ne. Mata sun cika tsakar gida, Hajiya Zuwera tana kan kujera a tsakiya, tana ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya, ana yabawa ko ana taɓe baki. Hajiya ta je Makka, kuma tun da ta dawo babu wani abu a duniya da ta yarda ba ta san shi ba. Da ta zazzage 'yar jakar siliki kofin ya faɗo tafin hannunta, mata suka matso suna leƙe. Wata ta ce ko na ɗinki ne, a sa a yatsa. Wata ta ce ko gidan kwalli ne. Hajiya ta juya shi, ta leƙa cikinsa, ta ga duk idanu sun dawo kanta.

"Kai, ku dai ba ku fita ko'ina ba," in ji ta. "Ma'aunin turare ne. Irin na matan Madina."

"Hajiya, to hujin fa?"

"Don ƙamshi ya riƙa numfashi."

Aka rangaɗa guɗa. Aka ce yaron nan ɗan gidan mutunci ne, ya san abin duniya. Kofin ya zaga hannun kowa, wasu har da shinshinawa suna lumshe ido. Hajiya ta mayar da shi, ta kulle akwati, ta ɗaure makullin a bakin mayafinta.

Sala ta dawo gida tana taƙama, ta sami Majeed zaune a kan dakali ya rafka tagumi. Ta ce ya ɗago kai, yau ya fitar da su kunya, ma'aunin turarensa ya girgiza Moshi Zongo. Ya tambaye ta wane ma'auni. Da ta kwatanta masa da yatsu, sai ya miƙe tsaye, ya sake zama, ya sake miƙewa.

"Sista Sala, kofin famfona kika kai lefe."

"Kofin me?"

Bayani bai ɗauki lokaci ba, amma mafita ta ƙi samuwa. A gidan su Fadilatu ana ƙara wa lefe kaya, ba a ragewa. Dangin ango su dawo su ce a ba su ko allura daga akwati, ma'anarsa sun fasa, kuma kafin su kai bakin titi labarin ya riga su. Ga kuma Hajiya da ta riga ta yi fatawa a gaban mata. Wanda zai je ya ce mata ma'aunin matan Madina kayan injin ne, sai ya fara neman wata matar aure a wani gari. Aka sake buga waya Kumasi, abokin Sidiki ya ce wani sai an yi oda daga Turai, ya iso bayan biki ya zama labari.

Sala ce ta kawo dabara, kuma da ma duk wanda ya ɓata abu shi ke fin kowa dabara. Ta ce tun da kofunan kamarsu ɗaya, a ciro tsohon, a wanke, ta kai wa Hajiya ta ce kuskure aka yi: baƙin na ango ne, mai ƙyallin shi ne na amarya. Musanya ai ba ragi ba ce. Sidiki ya ce shi dai bai taɓa jin an yi gyaran mota ta hanyar gwaggon amarya ba, amma ya kwance noti ukun nan, ya zaro kofin, ya wanke da fetur, ya goge da tsumma har ya fi cokalin baƙi ƙyalli.

Sala ta sa mayafinta mai kyau ta tafi. Ta durƙusa ta gai da Hajiya, ta yi bayaninta tiryan-tiryan, ta miƙa kofin da hannu biyu. Hajiya ta karɓa, ta ɗaga shi a hasken rana, fuskarta ta washe.

"Ai na san biyu ne," ta ce. "Mata da miji. Shiru na yi in ga ko za ku kawo ɗayan da kanku. Kun yi hankali. Allah ya yi albarka."

Ta kwance makulli, ta buɗe akwati, ta sa shi kusa da ɗan'uwansa, ta kulle. Sala ta ce amin, don babu wani abin cewa.

Da safe Majeed yana da mota mai tari. Kafin la'asar ya zama mai motar da ko tarin ba ta iya yi. Ya zauna a kan tsohuwar taya ƙarƙashin darbejiya, yana kallon ramin da ke saman injin, Sidiki ya toshe shi da tsumma don ƙura. Tsoro ne ya kama shi sosai, ba na motar ba. Yana son Fadilatu tun tana zuwa shagonsa da wayar da babu abin da ya same ta, kuma ya san ba da wasa ta yi maganar nan ba.

Barikisu ta hango shi daga rumfarta. Ta zubo wake da shinkafa a ganye, da taliya da soyayyen yajin nan shito da ƙwai, ta tsallako titi ta ajiye masa. Da ta dawo ɗaukar cokali ta tarar ko ƙwan bai taɓa ba, ta san magana ta yi girma.

"Ango, wa ya mutu?"

Ya gaya mata komai. Barikisu ta yi dariya har sai da ta dafa motar, musamman da aka zo kan mata da miji. Sai kuma dariyar ta tsaya. Ta zauna a kan benci, ta goge hannu da zaninta.

"Ku maza kuna gani suna ne kawai," ta ce. "Ran nan yarana sun dawo daga sukuu da littattafansu suna tambaya wai da gaske a bayan motokin aka kawo ni, kamar buhun gawayi. Na yi dariya na ce da gaske ne. Me zan ce? Ni an gama da ni. Amma Fadilatu ba za ta ɗauki irin kayan nan ba, ina da rai."

"Yaya Barikisu, to yaya za a yi? Akwatin ba ya buɗuwa sai a gidana. Motan kuma ba ya zuwa gidana sai an buɗe akwatin."

"Masta, aikin zai daɗe?"

Sidiki ya ce in kofi yana hannunsa, kafin a gama cin tuwon biki ya gama.

"To ku kawo motan bayan gidanmu ran ɗaurin aure. Gwaggo kuma ku bar ni da ita."

Mijin Barikisu, Imoru, tun bayan abin da ya faru ya sayi motokin nasa na kansa, ya ce tun da an riga an ba su sunan, gara su ci amfaninsa. Shi ya zo da igiya ranar biki da sassafe. Aka lulluɓe jar motar da zannuwan gado, aka ɗaura ta a bayan motokin, aka bi lunguna da ita, Majeed yana ciki yana riƙe da sitiyari yana leƙe ta wata 'yar kafa. A Tamale ba a ɓoye komai. Masu koko sun gani, masu zuwa kasuwa a kan babur sun gani, wani tsoho ma ya cire hula ya yi salati, ya ɗauka gawa ce. Amma Barikisu ta riga ta aika saƙo lungu-lungu cewa duk bakin da ya furta kalmar motokin yau, ya gama cin wakenta har abada. Ban taɓa ganin zangon nan ya riƙe bakinsa kamar ranar ba.

Aka ɗaura aure da hantsi. Gida ya cika, makaɗa suna ta yi a waje, tukwane suna tafasa. Barikisu ta bar murhu, ta ja Hajiya Zuwera cikin ɗaki ta turo ƙofa. Ba ta yi kwana-kwana ba.

"Gwaggo, abun nan ba ma'aunin turare ba ne. Kayan injin motan Majeed ne. In ba a sa shi ba, motan ba zai tashi ba kwaraa, ko kaɗan. Yana nan bayan gida, Imoru ne ya jawo shi."

Hajiya ta buɗe baki za ta kawo Madina, ta dubi fuskar Barikisu, ta fasa. Ta zauna a bakin gado.

"Da ma na shinshina na biyun," ta ce a hankali. "Na ji kamar fetur. Na ce ƙila haka turaren zamani yake."

"To a ba ni makulli."

"In ba ki makulli, in fita in ce wa matan nan me? In ce Zuwera ta yi ƙarya a gaban surukai? Gobe a sa min suna Hajiya Madina, har jikokina."

"Gwaggo, suna ba ya kisa. Ga ni nan."

Maganar ta shigi Hajiya. Ita ta tsayar da motokin nan da hannunta, don kada ruwa ya taɓa lallen amarya, kuma shekarun nan duka ba ta taɓa iya cin waken Barikisu ba tare da ya tsaya mata a wuya ba. Ta riƙa murza bakin mayafi inda makullin yake. Can sai ta ɗago, idonta ya yi wani haske da duk wanda ya san ta yake tsoro.

"Kira min fitan. Ki ce ya sa riga mai kyau."

Hajiya ta fito tsakar gida riƙe da faranti, kofuna biyu a kai, da kwalbar turare. Ta ɗaga hannu makaɗa suka tsaya. Ta sanar cewa yanzu za a yi abin da ake yi a Madina: ma'aunin nan ba a kai shi gidan miji haka kawai, sai an sa ɗaya a cikin zuciyar motar amarya, don tafiya ta yi albarka. Ta ce ta yi mamaki da babu wadda ta tuna mata. Mata biyu suka ce wallahi suna shirin tunawa ke nan.

Haka aka ɗunguma zuwa bayan gida, Hajiya a gaba, mata a baya suna guɗa, makaɗa sun biyo. Aka yaye zannuwan gado. Sidiki yana tsaye cikin farin kaftani da ya matse shi a hammata, sifana a aljihu, gumi yana zuba. Hajiya ta ɗauki kofi mai ƙyalli, ta tsiyaya masa turare har ya zubo ta hujin.

"Hajiya," in ji Sidiki da ladabi, "mai ƙyallin ai na amarya ne, ta ajiye a ɗaki. Baƙin shi ne na motan."

"Na sani. Gwada ka nake."

Ta ɗauki baƙin, shi ma ta yi masa wanka da turare. Sidiki ya runtse ido kamar an taka masa ƙafa.

"Sai kuma a ɗauraye da fetur, a shafa mishi man injin. Kamar yadda suke yi a can."

"Ka taɓa zuwa ne?"

"A'a, Hajiya. Labari nake ji."

"To an gaya maka daidai."

Ya ɗauraye, ya shafe shi da mai ciki da waje, ya cire tsumman da ke ramin, ya haska ya ƙara duba ƙusumbin sandan. Zai sa kofin, Hajiya ta ce a'a, wannan aikin manya ne. Ta naɗe hannun riga, ta ɗora kofin a kan yatsanta, Sidiki yana raɗa mata cewa rufaffen gefen ne ke shiga ciki. Ta yi bisimilla ta tura. Ya zauna daram, don yatsanta ya fi na Sidiki dacewa da ramin nesa ba kusa ba. Ta zaro yatsa baƙi ƙirin, ta nuna wa jama'a, aka sake guɗa.

Sauran aikin Sidiki ya yi shi cikin kiɗa. Ya mayar da famfo, ya ɗaure notin bi da bi don kada ya karkace, ya haɗa bututu da wayoyi. Ya murɗa makulli rabi, ya saurara mai ya hau, ya kashe, ya sake. Majeed yana laɓe bayan katangar masallaci, don ango ba ya shiga taron mata, yana karanta duk addu'ar da ya sani har da ta shiga kasuwa. Sidiki ya murɗa gaba ɗaya. Motar ta yi tari, ta yi jim, sannan ta kama, ta zauna da wani sauti mai laushi da Majeed bai taɓa jin ta yi ba. Sidiki ya leƙa ko mai yana yoyo, bai ga komai ba. Hajiya ta ce da ma ta san haka za a yi.

Kada in manta, tun daga bikin nan babu lefen da ake kaiwa a layinmu ba tare da an tambayi inda ma'aunin yake ba. Sidiki ya daina yar da tsofaffin kofuna, har daga Gumani ake zuwa nema.

Bayan la'asar aka fito da amarya. Tagar ɗakin da aka zaunar da Fadilatu tana kallon bayan gida, kuma bangon da ke tsakaninta da ɗakin Hajiya bai kai rufi ba, don haka babu abin da ya wuce ta. Sidiki ne zai tuƙa, Hajiya ta riga ta kame a gaba. Ƙawayen amarya suna turereniyar shiga baya, sai Fadilatu ta tsaya cak a bakin mota. Ta miƙa hannu daga cikin lulluɓi, ta kamo wuyan hannun Barikisu, wadda ta fito daga wurin tukwane da zanin aiki, tana warin hayaƙi.

"Yaya, shiga."

"Ke, dube ni fa. Ni zan biyo Imoru da kaya."

"Ba za ki bi Imoru ba. In ba ki shiga ba, ni ma ba na shiga."

Barikisu ta shiga. Aka rufe ƙofa, aka kama hanya, babura sun yi jerin gwano a baya suna ta oda, Majeed a kan na abokinsa, Imoru a can ƙarshe da akwatuna. Cikin motar ƙamshin turare da fetur ya gauraye. Ana ta hira har aka hau titin Bolga, daga nan magana ta soma raguwa. Da tudun rage gudun ya bayyana a gaba, carbin Hajiya ya tsaya a hannunta. Fadilatu ta ji yatsun yayarta sun yi sanyi cikin nata.

Sidiki ya rage gudu. Ƙafafun gaba suka hau suka sauka, na baya suka bi. Ya taka mai, motar ta yi fito siriri ta zabura kamar ba ita ba. Hajiya ta sauke numfashi ta ce alhamdulillahi. Fadilatu ta fashe da dariya a cikin lulluɓi. Barikisu kuwa ta juya tana kallon tudun ta gilashin baya har ya soma nisa.

"Masta Sidiki," ta ce. "Don Allah juya."

"An manta wani abu ne?"

"A'a. Wancan na Fadilatu ne. Ina son nawa."

Sidiki ya dubi Hajiya. Hajiya tana kallon gaba, tana share ido da bakin mayafi, ta bar baƙin mai a kumatunta.

"Me kake jira?" ta ce. "Haka ake yi."

Ya sa sigina ya juya. Babura suka rikice a tsakiyar titi, kowa yana tambayar kowa. Majeed ya ga motar amarya ta nufi hanyar gida, ya tabbata Fadilatu ta fasa, ya dira daga babur yana bin su da gudu da babbar riga. Sidiki ya wuce tudun, ya sake juyowa, ya saita motar a hankali. Fadilatu ta ɗaga gefen lulluɓinta ta rufa wa yayarta, su biyu a ƙarƙashin mayafi ɗaya. Motar ta hau tudun ta sauka, ba ta yi ko tari ba, ta miƙe zuwa Gumani. A ƙarƙashin mayafin Barikisu tana kuka, irin kukan da amare ke yi in an ɗauke su.